Ƙyallen Tumatirin Kaka

Birnin Gwari,
4 ga Oktoba.

Zuwa ga Gwaggo Helen,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida da abokan aiki. Mu ma lafiya lau, sai Inna da ƙafarta ke ɗan damunta idan ta daɗe a tsaye. Ta ce in gaishe ki ƙwarai.

Ni ce Raudatu, 'yar ƙaninki marigayi Abdulƙarim. Sau biyu kawai kika taɓa ganina, na ƙarshen ma ina bayan rumbu, kina ta kirana in zo in karɓi biskit na ƙi fitowa. Yanzu shekarata sha shida. Tun da aka rufe layin waya a nan ko saƙo ba ya fita, shi ya sa na ba Malam Ja'afaru direba wannan takarda. Ya ce ya san gonar renon dashe da kike aiki a wajen Zariya. Gaskiya rubutun ma ya fi mani sauƙi. Da a waya ne, da shiru zan yi kina ta tambayar wa ke magana.

Kin ji mun baro ƙauyenmu na wajen Randagi tun farkon damina saboda mutanen daji. Muna cikin gari, a gidan abokin Baba, Baba Bakoji. Ya ba mu ɗaki ɗaya da ɗan filin da ke bayansa, ya ce ko godiya ba ya son ta yi yawa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ƙyallen Kaka. Ranar da za mu taho Inna ta bar tukwane da tabarmi, amma ta miƙa hannu saman murhu ta ciro shi ta ɗaure a bakin zane. Kin san shi, ƙyallen da ake matse nunannen tumatir a kai a rataye, hayaƙi ya yi ta dukansa har shekara ta zagayo. Wannan Baba ne ya shafa shi da hannunsa kafin ya kwanta ciwo. Irin ya manne a jikinsa kamar ƙananan taurari. Inna ta ce a ƙauyen duka mu kaɗai muka rage da wannan tumatirin, mai tsaga-tsaga, mai tsami, gonar kuwa yanzu ciyawa ta cinye ta. Baba Bakoji ya ce idan na reni dashe zai ba mu fangali a fadamarsa.

To ni ban taɓa shuka tumatir ba. Inna dawa da gyaɗa ta sani, wannan aikin Baba ne. Ta ce ke kika gaji hannun Kaka har ya zama sana'arki. Don Allah Gwaggo ki koya mani daki-daki. Idan wannan ƙyallen ya lalace babu wani.

'Yarki,
Raudatu Abdulƙarim.

Zariya,
9 ga Oktoba.

Raudatu 'yata,

Na gaishe ki, na gaida Innarki Asama'u. Ki ce mata ta riƙa ɗora ƙafar nan a kan kujera in ta zauna. Ni lafiya, sai bayana da ya gaji da sunkuyo.

Takardarki ta same ni a tsakiyar aiki. Na karanta, na koma bayan rumfa na sake karantawa. Ashe tumatirin mahaifiyata yana nan. Shekara ashirin da uku rabona da shi. A gonar nan iri ya fi kala goma muke reno, duk na cikin leda da gwangwani, masu kyan gani, amma babu wanda miyarsa ta kama ƙafar wancan. Ban samu zuwa jana'izar ubanki ba saboda hanya, abin yana raina har yau. Wannan dai zan iya yi.

Ki tada gado tsawon tabarma, inda rana ke sauka da safe. Ki haɗa ƙasar da takin shanu wanda ya ruɓe ya yi baƙi. Ban da ɗanye, ƙona su yake yi. Kada ki kankare irin daga ƙyallen. Yanka ƙyallen za ki yi siriri-siriri ki shimfiɗa a layi, ki barbaɗa ƙasa kaɗan a kai, ki rufe da busasshiyar ciyawa. Kwana biyar zuwa bakwai za su leƙo, sai ki janye ciyawar.

Ruwa kuwa, kada ki kwara masu da kofi, zai tone irin ya kwantar da tsiron. Yayyafi suke so. Ki sami gwangwani ki huhhuda gindinsa da ƙusa, ko dai duk abin da zai sauko da ruwa a hankali. Da safe sau ɗaya, da yamma sai in ƙasar ta bushe.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi duka: kada ki binne ƙyallen gaba ɗaya. Ki raba shi uku ki ajiye kashi ɗaya. Kakarku ko shekarar da aka fi samun ruwa ba ta taɓa barin saman murhu ba komai ba.

Biskit ɗin nan ni na cinye shi a mota, tunda kin ƙi fitowa.

Gwaggonki,
Helen.

Birnin Gwari,
5 ga Nuwamba.

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan bayan ya yi sauƙi. Inna ta ji saƙonki ta yi dariya, ta ce kujerar ɗaya ce kuma a kanta take zama.

Sun fito, Gwaggo! Ranar kwana shida na ɗaga ciyawar na gan su layi-layi, kowanne da ganye biyu a buɗe kamar mai roƙon Allah. Na tsuguna a wurin har na makara makaranta. Na bi duk abin da kika ce. Takin wajen wani Bafulatani Baba Bakoji ya samo mana, baƙi wuluk. Ruwa ma yayyafi nake masu, ban taɓa kwarawa ba.

Sai kuma suka canja. Da ganyen gaske ya fara fitowa sai ya ƙi buɗewa. Sun naɗe, sun sunkuyar da kai, sak yarinyar da ke cikin littafin da nake karantawa ranar da wasiƙar da take jira ta ƙi zuwa. Launinsu ma ba irin na da ba ne, duk annurin ya tafi. Girman ya tsaya. Nakan zauna kusa da su da yamma in ji kamar akwai abin da suke son gaya mani, kunya ta hana su.

Akwai abin da na yi, kuma na fi so ki ji daga bakina. Da na ga sun fara lalacewa sai tsoro ya kama ni, na ce ko ƙasar wancan gefen ce ba ta da kyau. Na ɗauko kashi na ukun da kika ce in ajiye na binne a ƙarshen gadon. Su ma sun fito, su ma sun fara naɗewa. Yanzu babu ko zare ɗaya da ya rage na ƙyallen. Na sani, Gwaggo. Na sani.

Abu ɗaya ke sanyaya mani rai. Ranar da nake yanka ƙyallen wani guntu ya yage, Inna ta ɗauka ta tura shi da yatsa a gindin katanga inda take alwala. Ba taki, ba ciyawa, ba komai. Su goma sha tara suka fito a wurin, lafiyarsu lau, ruwan butarta kawai suke sha. Ni dai na ce albarkar alwala ce.

Me ya same su? Me zan yi? Fadamar ba ta gama tsotsewa ba, Baba Bakoji ya ce sai wata mai zuwa za a dasa.

'Yarki,
Raudatu.

Zariya,
9 ga Nuwamba.

Raudatu,

Gaisuwa gare ku duka. Bayan na nan yadda yake.

Na karanta takardarki sau uku ina neman tumatir a ciki, yarinyar littafi nake ta cin karo da ita. Tsiro ba shi da annuri, 'yata, kuma ba ya jin kunya. Ganye ko kore ne ko rawaya. Ko ya naɗe sama ko ya naɗe ƙasa. Kara ko a miƙe yake ko ya ruɓe a gindi. Idan za ki rubuto mani maganar gona, ki faɗi abin da idonki ya gani kawai. Sauran ki ajiye, yana da ranarsa.

Daga abin da na iya tsinta, ganye ya naɗe, launi ya canja, girma ya tsaya. Wannan cutar naɗe-ganye ce. Wasu ƙananan fararen ƙwari ke kawo ta, mu farin ƙuda muke ce masu. Ki girgiza tsiron ki duba ƙarƙashin ganye, za ki ga sun tashi kamar gari. Bana ta yi mana ɓarna a nan, gado shida muka zubar. Ba ta da magani, kuma ƙwarin na ɗaukarta daga mai ciwo zuwa mai lafiya.

Saboda haka duk wanda ya kamu ki tuge shi ki ƙone. Kada ki jira, kada ki ji tausayi, in dai kina son na gindin katangar nan su tsira. Amma ki cire ɗaya ki aiko mani in gani da idona.

Maganar kashi na uku ba zan ce komai ba, kin riga kin faɗa wa kanki.

Helen.

Birnin Gwari,
13 ga Nuwamba.

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Zan yi ƙoƙari in rubuta yadda kika ce.

Na tuge su jiya bayan an taso makaranta. Ɗari da arba'in da uku. Gadon duka ne, don babu wanda bai kamu ba. Na tara su a kan karan dawa na sa wuta. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki, da hayaƙin ya tashi ta ce, "Ƙamshin gonar ubanki," ta shige ciki.

Ban ga farin ƙuda ba. Na girgiza, na leƙa ƙarƙashin ganye ɗaya bayan ɗaya, ko ƙwaro ɗaya bai tashi ba. Na ce wataƙila ɓuya suke yi da rana.

Ga wanda kika ce in aiko. Ba ni da abin da zan sa shi bai karye ba, sai na danne shi a tsakiyar littafin nan. Don Allah kada ki karanta, kuma a dawo da shi, na ƙawata Saliha ne, ban ma gama ba. Abin da na gani: ganyen kore ne, har ya fi na da duhu. Ya yi tsawo ya tsuke kamar igiya. Ƙasa ya naɗe, ba sama ba. Karan ya murɗe, amma gindin bai ruɓe ba.

Yanzu goma sha taran nan su kaɗai muke da su, na mai da hankalina duka a kansu. Na hana Inna zuba masu ruwan buta tunda kin ce kwarara ba kyau. Ta ce, "To, likita." Ni nake ba su yanzu, da famfon feshin Baba Bakoji, yadda nake yi wa gadon.

Ban ba ki labarin famfon ba. Ranar da na fara ban ruwa gwangwanina ya yi manyan huji, Baba Bakoji ya gan ni ina fama, ya shiga ɗaki ya fito da famfonsa na goyo. Ya ce, "'Yar Abdulƙarim ba za ta yi noma da gwangwanin kifi a gidana ba." Ruwansa laushi gare shi kamar raɓa, ko ƙasa ba ya motsawa. Wasu ranakun yakan tafi da shi fadama wajen share ciyawa, ya dawo mani da shi da yamma a wanke. Kullum da safe shi yake cika mani rabi ya ɗora mani a baya, yana kirana Sarkin Noma. Mutumin kirki ne, Gwaggo.

'Yarki,
Raudatu.

Zariya,
15 ga Nuwamba.

Raudatu,

Gaisuwa a taƙaice. Ki ajiye famfon nan yau. Ko ɗigo ɗaya kada ya sake taɓa su.

Na buɗe littafin na ga ganyen, tun kafin in kai ƙarshen takardarki na gane. Wannan ba cutar farin ƙuda ba ce. Waccan rawaya take sa bakin ganye, ya ƙanƙance ya naɗe sama. Ganye mai duhu da ya tsuke ya murɗe ƙasa, kuma gado guda ya kamu lokaci ɗaya, wannan maganin ciyawa ne. Yana shiga jikin robar famfo da tiyonsa, ɗauraya ba ta fitar da shi, tumatir kuwa ko warinsa ba ya ɗauka. Na gindin katanga sun tsira ne don ruwan butar Asama'u kawai suke sha. Albarkar alwala ban musa ba, amma ruwa ne mai tsabta. Kin rubuta mani haka tun farko, na tsaya yi maki faɗan annuri ban gani ba.

Wane mai hankali ne zai ba yarinya famfon maganin ciyawa ta yi ban ruwan dashe? Bakoji tun muna yara haka yake, hannunsa ya riga kansa.

Amma ni na fi shi laifi. Ni na ce maki duk abin da zai sauko da ruwa a hankali, ban ce ban da famfo ba. Ni na ce ki ƙone ban ga ganye ba. Wannan abin ba ya yaɗuwa, da an bar su da wasu sun farfaɗo. Ki yafe mani.

Ga abin yi. Ruwan rijiya, a mazubin da magani bai taɓa shiga ba, a gindi za ki zuba ba a kan ganye ba. Kada ki sa masu takin zamani wai su yi sauri. Idan sun fara murɗewa kada ki tuge ko ɗaya. Ganyen da ya murɗe ba zai miƙe ba, ki manta da shi, sabon da zai fito a tsakiyar kai za ki zuba wa ido. In ya fito da faɗinsa, wannan ya rayu.

Na roƙi Ja'afaru ya ba ki hannu da hannu.

Helen.

Birnin Gwari,
25 ga Nuwamba.

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau. Takardarki ta ranar sha biyar jiya ta iso. An tare hanyar Funtuwa, motoci suka daina shigowa, Malam Ja'afaru ya yi kwana tara da ita a aljihu kafin a samu rakiya. Shi ma lafiya ya iso, ya ce in gaya maki.

Kwana goma sha ɗaya ke nan ina fesa masu. Amma ba duka laifin hanya ba ne.

Tun da kika yi mani faɗa na sami bayan littafin lissafina ina rubuta abin da na gani kowace safiya. Ranar kwana bakwai na rubuta: kan guda huɗu ya fara murɗewa, babu ƙwaro. Na zauna ina duba abin da ya canja a gindin katangar nan. Ƙasar ita ce, ranar ita ce. Famfon ne kawai sabo. Na gane, Gwaggo, tun kafin takardarki ta zo. Na gaya wa Inna, ta ce, "A gidan mutum muke, Raudatu. Ki san yadda za ki faɗa." Ta koma zuba masu ruwan butarta.

Washegari ya cika famfon ya ɗora mani, ya tsaya yana kallo yana murmushi kamar kullum. Na buɗe baki, gaisuwa ce kawai ta fito. Sai na karkata bakin famfon ina fesa wa katanga, amma ai raɓar tana sauka. Kwana huɗu ina haka. A littattafan da nake karantawa nakan ji haushin yarinyar da kalma ɗaya za ta faɗa komai ya gyaru, ta ƙi faɗa har shafi ɗari. Ashe ba sauƙi.

Yau da safe ya fito da famfon ya ce, "Sarkin Noma, juyo bayan."

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardarki da hannu biyu.

Ya ce, "Ni da na bar boko tun firamare? Karanta mani."

Na karanta, idona a ƙasa. Da na zo wurin da kika ambaci sunansa na tsallake.

Ya ce, "Tsaya. Kin haura wani wuri."

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "Helen ce fa. Ajinmu ɗaya a firamare. Ba ta rubuta takarda mai tsawon nan ba ta zagi kowa ba. Karanta inda ta zage ni."

Na karanta. Inna tana ɗaki na ji ta tana tari na ƙarya.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Amma ina wanke shi. Sau biyu nake ɗauraye shi."

Na ce, "Ta ce yana shiga jikin robar." Sai na ji bakina ya ci gaba da kansa. Na ce, "Ni ma na gani, Baba, tun kwana huɗu. Kunyarka ta hana ni faɗa."

Ya ajiye famfon ya tsuguna a gindin katangar. Ina jin yau ne ya fara kallonsu kusa. Ya ɗaga ganye ɗaya da ɗan yatsa ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Haka ciyawa mai faɗin ganye take yi a fadama kwana uku bayan feshi. Kullum ina ganin wannan murɗewar." Ya kalli inda na ƙona sauran, ya ce, "Na Abdulƙarim ne duka?" Na ce eh. Ya ɗauki famfonsa ya fita, ko karin safe bai tsaya yi ba.

Da la'asar na tarar da babban gwangwanin madara a ƙofar ɗakinmu, sabo, an huhhuda gindinsa da ƙaramar ƙusa, hujin a jere kamar an auna. Baba Bakoji ko sallama bai yi ba da ya zo ajiyewa.

Abin da na gani yau: goma sha tara, duka kansu ya murɗe. Shida sun kwanta. Sabon ganye bai fito ba tukuna.

Na yafe maki, Gwaggo, ai ni na rubuta maki abin da ba a gane ba.

'Yarki,
Raudatu.

Zariya,
30 ga Nuwamba.

Raudatu 'yata,

Na gaishe ku. Na gode Allah da Ja'afaru ya isa lafiya.

Kuskurena ya ci ɗari da arba'in da uku. Naki ko duka ya ci, goma sha tara ne. Ki daina ƙirga kwana huɗun nan, ki ƙirga sabon ganye. Kuma kin gano abin da ni mai shekara ashirin a aikin nan ban gano ba, da bayan littafin lissafi.

Ki ce wa Bakoji na ji labarin gwangwani. Ki ce masa fangalin da zai ba ku ya zama inda bai yi feshi ba, kuma nesa da inda zai yi. Wannan kada ki tsallake.

Ga littafin Saliha. Shafi na sittin da ɗaya ya yi kore, ki ba ta haƙuri. Na ce ba zan karanta ba, ruwan ganyen ne ya sa na duba ko rubutun ya goge. Saurayin nan na cikin littafin sakarai ne, ban ga abin da yarinyar take jira a wurinsa ba. Akwai na biyu?

Gwaggonki,
Helen.

Birnin Gwari,
6 ga Maris.

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, mun sami kujera ta biyu. Layin waya ya dawo tuni, kin ji muryata sau biyu, kin kuma ji yadda na yi ta cewa "to" da "eh" har kuɗin ya ƙare. Wannan saƙon dai ba ya shiga waya.

Kin san bakwai ne suka fitar da sabon ganye mai faɗi, sauran suka bushe. Da muka dasa, ɗaya ya mutu. Shida suka kama. Fangali ɗaya ma ba su cika ba, amma Baba Bakoji ya kewaye su da ƙaya kamar gonar gwamna, ya hana kowa wucewa da famfo ta gefen. Har rigima ya yi da maƙwabcinsa a kan haka. Ƙasan karansu har yau a karkace yake, saman kuwa ya miƙe.

Ranar Laraba na tsinko na farko, guda tara. Masu tsaga-tsaga ne, ba su da kyan gani. Inna ta yi miya da huɗu. Ta ɗanɗana ta ajiye ludayin ta fita waje, ta ɗan daɗe. Baba Bakoji ya ci ya ce tsamin ya yi yawa, ya ƙara tuwo.

Biyar ɗin da suka fi nuna ban bari an taɓa ba. Inna ta ba ni tsohon ɗankwalinta, ta nuna mani yadda Baba yake matsewa da tafin hannu yana shafawa. Ya kwana uku a saman murhu. Da ya bushe na yaga shi uku. Ɗaya yana rataye a wurinmu. Ɗaya na kai wa Baba Bakoji, da bakina na yi masa bayani, ban karanta daga takarda ba. Na ukun shi ne wannan da ke naɗe a cikin littafin. Littafi na biyun da kika tambaya ne, Saliha ta ce ki karanta a hankali, ban da ruwan ganye.

Kada ki kankare irin, Gwaggo. Ki yanka siriri-siriri, kuma ki ajiye kashi ɗaya. Idan ya tsiro kika ga wani abu ya same shi, ki rubuto mani. Ki faɗi abin da idonki ya gani kawai.

'Yarki,
Raudatu Abdulƙarim.